Guzurin Ƙasa Mai Tsarki: Yadda Ake Haɗa Dala da Riyal Kafin a Tashi

Mai niyyar Umra ko Hajji yakan ba da hankalinsa ga biza da tikiti da masauki, ya bar maganar canji sai ana jibi za a tashi. A nan ake tafka asara. Masu neman dala da riyal kan yi yawa daga ƙarshen Sha'aban zuwa cikin azumi, sannan a watan Zulƙida, kuma ɗan canji yana gane mai gaggawa tun daga sallamarsa. Ga shi tun watan Yunin 2023, da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira, farashin safe ba lallai ya kai yamma ba. Dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a cikin 2024. Saboda haka da zarar tafiya ta tabbata, fara sayen guzurinka kaɗan-kaɗan, kada ka tara shi ga rana ɗaya.

Akwai lissafi guda da ya kamata kowane maniyyaci ya haddace. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal da dalar Amurka, dala ɗaya riyal 3.75. Wato dala ɗari riyal 375 ce, kuma shagunan canji na Makka da Madina ɗan abu kaɗan suke ragewa a kai. Amfanin sanin wannan shi ne, idan ka je kasuwar canji ta Wapa a Kano ko ta Zone 4 a Abuja, ka tambayi farashin riyal ɗaya, ka ninka shi sau 3.75, ka gwada da farashin dala. Idan abin da ya fito ya zarce kuɗin dala sosai, sayi dala, ka canza a Saudiyya. Idan sun yi kusa, riyal ta fi, domin ka huta da canji biyu. Ko ma wanne ka zaɓa, kada ka sauka Jidda ba riyal a aljihunka, kuma a ce akwai 'yan biyar da 'yan goma a ciki, na ruwa da abinci da layin waya. Canjin filin jirgi ya fi ko'ina tsada, kuma wanda ya kwana a hanya ba shi da ƙarfin ciniki.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram nasu lissafin daban ne. Sefa da yuro take ɗaure, yuro ɗaya sefa 655.957, don haka su fara tambayar farashin yuro. Sai dai su guji takardar yuro 500, wadda aka daina fitarwa tun 2019, wurare da yawa ba sa son karɓarta.

Hanyar banki tana nan, kuma ita ce ta fi kwanciyar hankali ga mai cikakkun takardu. Ana neman kuɗin tafiya da ake kira PTA ta hanyar cike Form A, da fasfo da biza da tikitin zuwa da dawowa da lambar BVN. A 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa zuba wannan kuɗi a kati maimakon miƙa shi a hannu. Irin waɗannan ƙa'idoji suna yawan sauyawa, don haka je reshenka da ƙafarka tun da sauran makonni, ka ji abin da ake ciki. Tambaye su kuma ko katinka zai yi aiki a waje, da iyakar abin da za ka iya kashewa da shi, domin a 2022 bankuna da yawa sun rufe amfani da katin naira a ƙasashen waje, mutane suka tsinci kansu gaban na'ura ba abin biya. Kati yana da amfani ƙwarai a Saudiyya, har ƙananan shaguna suna karɓa. Duk da haka ban yarda mutum ya dogara da shi kaɗai ba. In na'ura ta ba ka zaɓin kuɗin da za a cire, zaɓi riyal.

Inda na fi so a tsaya shi ne kan takardar dalar kanta. Takardun dala duk girmansu ɗaya, launinsu kuma ya yi kusa, ta ɗaya da ta ɗari ba su da bambancin tsawo ko faɗi. Da wannan ake cutar dattawanmu kusan kowace shekara. Tsohuwa ta karɓi guzurinta a sansanin alhazai, wani ya matso da fara'a ya ce, “Hajiya, kawo in ƙirga miki kada a cuce ki.” Ya juya takardun a hannu, ya mayar mata a ambulan. Sai ta je gaban mai canji a Madina a ce mata 'yan dala ɗaya-ɗaya ne a ciki. Wannan abu yana ƙona mini rai, domin sau da yawa kuɗin nan na saniya ne ko na gona da aka sayar. In kana da uwa ko uba da za su tafi, zauna da su a gida, ka ɗora ta ɗaya da ta ɗari a tabarma, ka nuna musu lambar da ke kusurwa har su gane. Ka ce, “Baba, ko wane ne ya ce ka ba shi ya duba, kada ka sake ta daga hannunka.”

Kai ma da za ka saya a kasuwa, nemi sabuwar ɗari mai shuɗin zare a tsakiya, wadda ta fito a 2013. Karkata ta, za ka ga zanen da ke cikin zaren yana motsi, lamba 100 ta ƙasan dama kuma tana juyawa daga ruwan tagulla zuwa kore. Ɗaga ta sama wajen haske, fuskar Benjamin Franklin za ta bayyana a farin gefen dama. Tsohuwar ɗari ba jabu ba ce, amma masu canji a waje kan karya mata farashi ko su ƙi ta, haka ma wadda ta yage ko aka yi wa rubutu ko tambari. Shiga cikin shagon da aka sani mai lasisi, ka zauna, ka ƙirga da hannunka bayan na'ura ta ƙirga, kuma kada ka tura naira sai dalar tana gabanka. Karɓi rasit. Wanda ya tare ka a bakin titi da farashin da ya fi na kowa araha, ba kai yake so ba.

Dokar Najeriya ta wajabta wa mai fita ko shigowa da abin da ya haura dala 10,000 ya bayyana wa jami'an kwastan. Bayyanawa ba laifi ba ce, ɓoyewa ce ke jawo a ƙwace kuɗi a kai mutum kotu. Saudiyya ma tana da tata iyakar. Kada kuma ka karɓi saƙon kuɗi a ƙunshe daga wanda ba ka sani ba, komai roƙonsa.

A Saudiyya, raba kuɗinka gida biyu ko uku. Na kashewar yini kaɗai za ka ɗauka zuwa Harami, a jakar ɗamara, domin cunkoson ɗawafi ba ya rasa masu yankan aljihu. Ware kuɗin hadaya tun ranar farko, kafin kasuwar dabino da jallabiya ta ja ka. Canza dala ɗari-ɗari gwargwadon buƙata, a shago mai allon farashi. Ranar dawowa, kashe tsabar ƙarfe da ƙananan takardu a can, domin 'yan canjin gida ba sa sayen tsaba. Manyan takardun riyal kuwa suna da kasuwa a Wapa, musamman idan azumi ya gabato.