Shawara ga Mai Son Fere Alƙalamin Katako

Fere alƙalami a kan injin juya katako, wato na'urar da ke juya itace yayin da ƙarfe mai kaifi ke sassaƙa shi, sana'ar nishaɗi ce da ta yaɗu a Amurka da Ingila. Ya kamata mai farawa ya zaɓi busasshen katako, domin ɗanye yakan tsage bayan an huda shi an liƙa bututun tagulla na milimita 7 a cikinsa. Ƙurar katakon kokobolo tana haddasa ƙaiƙayi da tari, saboda haka sanya takunkumi wajibi ne. Ƙungiyar masu juya katako ta Amurka, wadda aka kafa a 1986, tana da rassa inda tsofaffin hannu ke nuna wa sabon shiga yadda ake wasa bakin ƙarfe.