Darasin Kasuwanci: Wane Ɗaki Ya Dace Da Ofis A Gida?

Tsadar haya ta sa 'yan kasuwa da dama mayar da ofisoshinsu gida. Sai dai ribar yin hakan ta dogara ne ga ɗakin da aka zaɓa.

Da farko, a zaɓi shago ko ɗaki kusa da zaure, mai ƙofar kansa, domin abokin ciniki ya shigo ba tare da ratsa cikin gida ba. Wannan na kare mutuncin iyali, yana kuma nisanta rasiɗai da takardun banki daga hannun yara.

Na biyu, a guji taga mai duban yamma, saboda zafin la'asar na gajiyar da mutum da na'ura. Taga mai duban kudu ta fi dacewa, ga haske, ga kuma sauƙin ƙurar hunturu da ke tasowa daga arewa maso gabas.

Na uku, Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kowane kamfani samun adireshin ofis a rajistar hukumar CAC. Saboda haka ɗan haya ya nemi amincewar mai gida a rubuce, kuma ya sanar da hukumar duk ranar da ya tashi, don kada takardar kotu ko ta haraji ta wuce shi.