Bunƙasa Daban, Ci Gaba Daban: Darasi daga Tiga zuwa Riruwai

A watan Afrilun 2014 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sake lissafin arzikin Najeriya. An sauya shekarar ma'auni daga 1990 zuwa 2010, aka ba harkar wayar salula da fina-finai matsayinsu, sai ga jimillar abin da ƙasa ke samarwa a shekara, wato GDP, ta kai kimanin dala biliyan 510. Dare ɗaya muka wuce Afirka ta Kudu. To, washegari mai sayar da rake a Kwanar Dangora ya ji canji a aljihunsa? Ko kusa! Masu jarrabawar tattalin arziki a wannan zango, ku riƙe misalin nan, domin shi ke raba bunƙasa da ci gaba.

Bunƙasa ita ce lissafi ya ƙaru. Ci gaba kuwa sai rayuwar mutane ta sauya. A 1969 masani Dudley Seers ya ce a tambayi ƙasa abu uku: ina aka kwana kan talauci, kan rashin aiki, da kan ratar mai shi da marar shi? In suna ƙaruwa, ba a ci gaba ba, ko da kuɗin shiga ya ninka. Bankin Duniya yana auna ƙasashe da matsakaicin kuɗin shigar mutum ɗaya, kuma sai an haura kusan dala 14,000 a shekara ake shiga sahun masu arziki. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma, tun 1990, ta haɗa da ilimi da tsawon rai.

Wannan duk awo ne. Abin tambaya shi ne, me ya sa wasu suka wuce mu? A ganina ba albarkatu suka fi mu ba, sarrafawa suka fi mu.

Mu leƙa Bebeji. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, ita ke shayar da noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Tumatir kam ana samu. Amma lokacin kakarsa kowa ya ɗebo a mako guda, farashin kwando ya faɗi warwas, wanda bai samu mota zuwa kudu ba ya shanya a ƙasa ko ya ruɓe. Wata huɗu bayan nan uwargida na sayen na gwangwani da na leda, wanda yawancin markaɗensa daga Sin aka shigo da shi. Kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya cin tan 1,200 a rana, ya sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir, musamman shekarar da tsutsar nan ta Tuta absoluta ta cinye gonaki. Kun ga ke nan inji kaɗai ba ya wadatarwa. Sai da iri mai kyau, da maganin ƙwari, da wuta, da yarjejeniyar farashi wadda manomi da kamfani za su mutunta. Holan, da girmanta kimanin ninki biyu ne na jihar Kano, tana cikin manyan masu fitar da kayan gona a duniya, don ta haɗa waɗannan ne wuri guda.

Labarin Riruwai a Doguwa ya fi ciwo. Tun kafin zuwan Turawa ana narkar da kuza a can. Da kamfanonin Turawa suka karɓe harkar, sai aka koma kwasar ɗanyenta zuwa Ingila, sana'ar narkarwa ta mutu. Malesiya ma da kuza da roba ta fara, amma a 1972 ta buɗe yankin masana'antu a Penang, kamfanoni irin su Intel suka shigo, yau kayan lantarki ne kan gaba a abin da take fitarwa. Ita ma fa har yanzu ba a gama sa ta cikin ƙasashen da suka ci gaba ba, kada wani ya rubuta haka a takardar amsa.

A nan ne batun ya taɓa mu 'yan foli kai tsaye. Shinkafar Tudun Wada misali ce mai daɗi: a nan ake nomawa, mata su turara, injina su casa, kuɗin aikin ya tsaya a gari. Abin da ke rage mata daraja a gaban 'yar waje shi ne tsakuwa da karyewar ƙwaya da rashin buhu mai suna. Injin cire tsakuwa, na'urar busarwa, lissafin riba da faɗuwa, duk darussa ne da ke cikin manhajarmu. Mai neman batun furojet a injiniyanci ko akanta, ya je wurin masu casa a hutun nan ya tambaye su mudu nawa ke fita daga buhun shanshera ɗaya, kuma nawa man inji ke ci daga ribar.