Matambayi Ba Ya Ɓata: Ma'aikatan Jami'a Da Nasarar Ɗalibi

Gabatarwa

Kowace shekara iyaye sukan sayar da hatsi da dabbobi domin su aika 'ya'yansu jami'a. Amma samun gurbi ta hannun hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, mafarin tafiya ne kawai. Ɗalibai da yawa sukan yi tuntuɓe, ba domin rashin basira ba, sai domin ba su san wanda za su nufa ba sa'ad da matsala ta taso.

1. Shugabanni

A jami'o'in tarayya irin su Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1975, Shugaban Jami'a shi ne ke tafiyar da harkokin yau da kullum. Magatakarda yana tsare takardun ɗalibai, Ma'aji yana lura da kuɗi, Shugaban Laburare kuma yana kula da littattafai. Da wuya ɗalibi ya zauna da su, amma ba ya samun takardar shaida sai ofisoshinsu sun wanke shi.

2. Waɗanda suka fi kusa da ɗalibi

A kowane sashe akwai malamin da aka ɗora wa kula da 'yan aji ɗaya. Shi ne yake duba darussan da ɗalibi ya zaɓa kafin ya sa hannu. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, gama wanda ya zauna jarrabawar darasin da bai yi wa rajista ba, wahalar banza ya sha. Wanda ya faɗi darasin dole, ya kuma manta da maimaita shi, yakan ga abokansa sun tafi bautar ƙasa sun bar shi.

Jami'in jarrabawa na sashe shi ne ke lissafin maki. A ma'aunin maki 5, digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50. Makin shekarar fari yana cikin lissafin har ƙarshe, saboda haka sakacin farko yana da wuyar gyarawa. Idan sakamako ya ɓace, a gaya wa wannan jami'i nan da nan a rubuce.

Batun masauki, da rigima, da barazanar 'yan ƙungiyar asiri, na Shugaban Harkokin Ɗalibai ne. Masu ba da shawara da ma'aikatan asibiti suna nan domin wanda damuwa ko ciwo ya danne. Ɗalibin da rashin lafiya ya hana shi jarrabawa yana bukatar takardar asibitin jami'a.

Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wajibi ne ma'aikaci ya saurari ɗalibi da haƙuri, ba tare da neman toshiya ba. Ɗalibi kuma ya kawar da kunya, ya nemi taimako tun da wuri.

Tambayoyi

1. Wane malami ne ke kula da ajin yaronku?
2. Yaushe rabon da ku ga sakamakonsa da idonku?