DARASI: YADDA AKE RABA WAYA DA TAGWAYEN HOTUNA



Darasinmu na wannan fitowa ya shafi matsalar da kusan kowane mai waya a zango ya sani. Ana tsakiyar biki ko taron sauka, mutum ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, sai ta ce masa babu sauran wuri. Daga nan wani ya fara tunanin sayen katin memori, wani ya fara tara kuɗin sabuwar waya, wani kuma ya hau goge-goge cikin fushi har ya haɗa da hoton da ba shi da madadi. Alhali sau da yawa abin da ya cika wayar hotuna ne da aka ajiye sau biyu, sau uku, ko fiye. Su ne muke kira tagwaye.

MUƘADDIMA: SANIN MA'AUNI

Ana auna wurin ajiya na waya da megabait da gigabait. Gigabait 1 ya kai kimanin megabait 1,000. Hoton da kyamarar waya ta ɗauka yakan ci megabait 2 zuwa 5. Misali, in kana da hotuna 3,000, kowanne megabait 3, to sun ci gigabait 9 ke nan. In kashi ɗaya cikin uku tagwaye ne, gigabait 3 ya tafi a banza. Ga mai waya mai gigabait 32, wadda manhajojin da ta zo da su sun riga sun cinye wani ɓangare, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Bidiyo ya fi haka ci. Minti 1 na bidiyo mai kyau a iPhone yakan kai megabait 60, wato daidai da hotuna 20. Saboda haka duk abin da za mu faɗa game da hoto, bidiyo ya fi cancantarsa.

KASHE-KASHEN TAGWAYE

Tagwaye iri uku ne, kuma kowanne da hukuncinsa.

Na farko: tagwaye na ainihi. Wannan fayil ɗaya ne da aka kwafa, kamar wanda ka sauke sau biyu, ko ka kwafa zuwa katin memori ba ka share na cikin waya ba. Manhaja tana gane irin wannan cikin sauƙi, domin takan lissafa wata lamba daga abin da ke cikin kowane fayil, kamar zanen yatsa. In lambobin biyu sun zo ɗaya, fayil ɗin ɗaya ne ko da an canza masa suna. Share ɗaya daga ciki ba ya rage maka kome.

Na biyu: hoto ɗaya mai inganci biyu. In ka aika hoto ta WhatsApp, manhajar takan matse shi ya ƙanƙance, ta kuma cire bayanan da ke ɓoye a cikinsa, kamar ranar ɗauka da wurin da aka ɗauka. A wayoyin Android takan ajiye wannan ƙaramin kwafi a wani kundi mai suna Sent. In abokinka ya dawo maka da hoton a wani rukuni, ka sami na uku. A ido duk ɗaya ne, amma na kyamara ne asali. Ga alama: sunan hoton WhatsApp a Android yana ɗauke da haruffan WA kafin lambobin ƙarshe, kuma nauyinsa bai kai na asali ba. Ka riƙe mai nauyi, ka share mara nauyi.

Na uku: masu kama da juna. Su ne hotuna goma da aka ɗauka a jere ranar Sallah don a sami wanda kowa ya buɗe ido. Kama da wane ba ta wane. A nan idonka ne alƙali. Ka zaɓi ɗaya ko biyu da kanka, kada ka bar wa manhaja zaɓi.

SHARAƊI KAFIN A FARA

Kada ka share kome sai ka ajiye muhimman hotunanka a wani wuri dabam: kwamfuta, ko katin memori, ko ma'ajiyar intanet. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Google Photos suke tarayya a kai. Tun 1 ga Yuni 2021 kamfanin ya daina ajiyar hotuna kyauta ba iyaka. Apple kuwa gigabait 5 yake bayarwa a iCloud. Ka fara da abin da ba ya sake samuwa: hotunan iyaye da kakannin da suka riga mu gidan gaskiya, hoton Ghana Card, sakamakon WASSCE, rasit na kuɗin makaranta, da hotunan allo da ka ɗauka a aji.

MATAKI NA ƊAYA: WHATSAPP

Daga nan ya kamata a soma, domin nan ne babbar mashigar tagwaye. Saƙon barka da Juma'a guda ɗaya yana iya shigo maka ta rukuni biyar. Ka buɗe Settings, ka shiga Storage and data, sannan Manage storage. Tun shekarar 2020 WhatsApp ya sa wannan shafi yana ware abubuwan da aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu, da kuma waɗanda suka wuce megabait 5. A ƙasa za ka ga kowace hira da yawan wurin da ta ci. In ka zaɓi abin da ke da kwafi a wasu hirarraki, zai tambaye ka ko a share har da kwafin. Ka kula, abin da ka share a nan ba ya shiga kwandon shara.

MATAKI NA BIYU: MASU ANDROID

Masu Tecno da Infinix da itel da makamantansu su nemi manhajar Files by Google, wadda ta fito a 2017 kuma kyauta ce. A sashen Clean akwai Duplicate files. Za ta jera tagwayen, ta sa wa ɗaya alamar Original. Ka duba su rukuni-rukuni kafin ka taɓa maɓallin sharewa. Masu Samsung za su sami irin wannan a cikin My Files, wurin nazarin ma'ajiya.

MATAKI NA UKU: MASU IPHONE

Tun daga iOS 16 na shekarar 2022, manhajar Photos tana da kundi mai suna Duplicates a ƙarƙashin Utilities. In ka taɓa Merge, za ta riƙe kwafin da ya fi inganci, ta haɗa masa bayanan sauran, sannan ta kai ragowar Recently Deleted. In ba ka ga kundin ba, ko dai babu tagwaye, ko kuma wayar ba ta gama bincike ba. Ka bar ta a caji tana kulle, takan yi aikin a lokacin.

MATAKI NA HUƊU: KWANDON SHARA

Da yawa sukan share hotuna ɗari biyar, su duba, su ga wurin bai ƙaru ba. Dalili shi ne hotunan suna cikin kwandon shara. A iPhone da Files by Google da Gallery na Samsung sukan zauna kwana 30 kafin su tafi da kansu. Wannan dama ce ta gyara kuskure. Ka shiga kwandon, ka sake dubawa a natse, ka mayar da abin da ya shiga bisa kuskure, sannan ka zubar da sauran. A nan ne wuri zai buɗe.

TANBIHI

Ɗaya: in wayarka tana haɗe da iCloud Photos, hoton da ka share a waya ya tafi har a iCloud. Haka nan in ka share daga cikin Google Photos, yana tafiya daga ma'ajiyar intanet da wayar gaba ɗaya. Mai son ya rage wa waya kaya ya bar na intanet, ya yi amfani da Free up space, wanda ke cire waɗanda aka riga aka ajiye kaɗai.

Biyu: ka yi hattara da manhajojin shara da ake tallatawa da alƙawarin sa waya ta yi gudu. Kafin su yi aiki sai ka ba su izinin ganin dukan hotunanka, kuma a cikin wayarka akwai hotunan 'yan'uwanka mata da takardun iyali waɗanda amana ce a hannunka. Abin da ya zo da wayar ya wadatar.

Uku: in babbar yaya ko mahaifiya ta ba ka wayarta ka gyara mata, ka nuna mata abin da za ka share tukuna. Hoton da ka ga ya yi dishi-dishi, wataƙila shi kaɗai ya rage mata na wani.

RIGAKAFI

Rigakafi ya fi magani. A Storage and data na WhatsApp, ka kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye, don kada kome ya shigo sai da yardarka. Wannan zai rage maka cin data ma. Bayan kowane biki, ka zaɓi hotunan da za ka riƙe tun a daren. Sannan ka keɓe minti goma a farkon kowane wata don wannan shara.

AIKIN GIDA

1. Rubuta yawan wurin da ya rage a wayarka kafin shara da bayanta.
2. Nemo hoto ɗaya mai kwafi biyu, na kyamara da na WhatsApp, ka kwatanta nauyinsu.
3. Zaɓi hotuna 20 da ba ka so ka rasa, ka ajiye su a wani wuri dabam a wannan mako.

Wanda ya gane, ya koya wa wanda bai gane ba. Allah ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.