Yadda Ake Shigar Da Gasar Gem Cikin Karatun Sakandare

Duk malamin sakandare ya san inda ake samun yaron da ya tsallake katanga: gidan gem. Wasu ƙasashen sun gaji da kora, suka jawo gem ɗin cikin aji. A 2016 makarantar Garnes da ke Bergen a Norway ta sa gasar gem cikin darussanta, a 2020 kuma Pearson da British Esports suka fito da takardar shaidar BTEC a kanta a Birtaniya. Makarantar da ke fama da wutar NEPA ba za ta kwafi wannan kai tsaye ba, amma akwai abin da za ta iya.

Da farko a nemi yardar shugaban makaranta da iyaye, kuma a je musu da takarda a rubuce: ranar wasa, tsawonsa, sunan gem ɗin, da darasin da zai taimaka. Za su kawo zancen caca da shagala, kuma suna da gaskiya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka da ta amince da shi a 2019. Amsar ita ce dokoki: ba a sa kuɗi ko na sisi, ana dakatawa lokacin salla, wanda bai yi aikin gida ba ba ya taɓa hannun gem. A fara da kulob na zango ɗaya, sau ɗaya a mako. Neman gurbi a jadawalin darasi tun ranar farko shi ke kashe maganar a ofis.

Sai zaɓen gem. A bar masu harbe-harbe irin su PUBG da Call of Duty a waje, komai son da yara ke musu. Gem ɗin ƙwallo ya fi dacewa: EA Sports FC, wanda har 2023 ake kira FIFA, ko tsohon PES da har yanzu ke cike gidajen gem. Mutum biyu kan buga a na'ura ɗaya ba tare da data ba, kuma kowa ya san dokokin ƙwallo. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta da intanet ta ƙara da dara irin ta Turawa a Lichess, kyauta ce. Kayan aiki kuwa, PS4 ta hannu ɗaya, talabijin, hannun gem huɗu saboda lalacewa, da sola ko ƙaramin janareto sun isa.

Yanzu ga inda karatun yake, kuma a nan yawancin masu gwadawa ke yin sakaci. Na'ura ɗaya ce, 'yan kulob talatin, ke nan a kowane lokaci 28 ba sa wasa. Su ne ɗaliban. Kada malami ya tsara gasar da hannunsa. Ya miƙa wa yara su yi lissafin. In mutum 16 za su buga kowa da kowa, wasa nawa ke nan? A bar su su sha wahala kafin a nuna musu cewa 16 sau 15 a raba biyu ne, wato 120. In kowane wasa minti 12 ne, awa 24 cur ake bukata, zango ba zai ɗauka ba. Sili ɗaya ƙwale kuma wasa 15 ne kacal, amma rabin yara sun fita tun ranar farko. Da kansu za su gano dalilin raba ƙungiyoyi rukuni-rukuni: rukuni huɗu na mutum hurhuɗu wasa 24, sannan zagayen ƙwale. Daga nan malamin lissafi ya karɓa da matsakaicin ƙwallaye, kaso cikin ɗari, da zanen jadawali. Malamin kwamfuta ya sa a shigar da teburin maki a Excel, a rubuta dabarar da za ta tara maki uku na nasara da ɗaya na canjaras. Yaron da ya saba da wannan ba zai daskare a gaban kwamfutar JAMB ba.

Malaman harshe su ma suna da rabo. Ɗalibai biyu su yi sharhin wasa kai tsaye, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci, wani ya rubuta rahoto don allon sanarwa, a gyara masa kamar kowane insha'i. Akwai alƙalin gasa, ma'ajin kaya, da mai kula da lokaci, kuma a riƙa juya muƙaman kowane mako. 'Yan mata a ware musu ranarsu da malama, in ba haka ba samari za su mamaye kujerun.

Wajen ba da maki, kada a duba wanda ya ci kofi. A duba rahoton da ya rubuta, teburin da ya haɗa, da yadda ya riƙe aikinsa. Gwanin gem da bai kawo komai a rubuce ba sifili ne nasa. A ƙarshen zango a ɗauko rajistar halarta da sakamakon lissafin 'yan kulob, a kwatanta da na zangon baya, a kai wa taron iyaye da malamai su yanke ko za a ci gaba.