ƘOFA MAI TARE GOBARA: DARASI GA UWAYEN ƘASA DA HAKIMAI DA MAGATAKARDA

An shirya wannan darasi domin Uwayen Ƙasa da Hakimai da magatakardansu na ƙasar Ruwan Bore da sauran gundumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Nufinsa shi ne a bayyana irin ƙofar da ke tare gobara, da yadda ake kafa ta, da yadda ake kiyaye ta, da kuma abin da ya wajaba kan shugabannin jama'a game da ita.

DALILIN WANNAN DARASI

Kowa ya sani daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin gobara ne a wannan ƙasa. An gama kaka, kara da harawa sun cika gidaje, iskar hunturu ta busar da kome, mutane kuma suna shiga ɗaki da kaskon wuta saboda sanyi. A watan Fabrairu na 2025 gobara ta tashi da dare a wata makarantar allo a Ƙaura Namoda, almajirai 17 suka rasu. Kafin wannan, a watan Nuwamba na 2021, wuta ta cinye azuzuwan zana na wata makaranta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Hausawa sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Har wa yau gini ya sake kama. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Gusau ta zama babban birni, benaye da gidajen haya da ɗakunan kwanan ɗalibai suka yawaita. Cikinsu akwai katifar soso da tukunyar gas da janareta da jarkar fetur. Saboda tsoron ɓarayi da 'yan bindiga kuma, mutane sun gitta ƙarafa a tagogi, sun sa ƙofofin ƙarfe da manyan kwaɗuna. Abin da ke hana ɓarawo shiga, shi ne zai hana mai gida fita ranar da wuta ta tashi, muddin ba a yi shi da lissafi ba.

AIKIN ƘOFA A LOKACIN GOBARA

Wuta tana bukatar abu uku, watau abin ci da zafi da iska. Ƙofa buɗaɗɗiya tana ba ta iska, tana kuma ba hayaƙi hanya. Yawancin waɗanda ke mutuwa a gobara hayaƙi ne ke kashe su tun harshen wuta bai kai gare su ba, musamman hayaƙin soso da roba, wanda ke da dafi ƙwarai. Mai barci yakan shaƙe shi har ya suma bai farka ba.

Ƙofa mai tare gobara ita ce wadda aka ƙera domin ta tsare wuta da hayaƙi a ɗakin da suka tashi har wani lokaci sananne. Iri biyu aka fi sani, mai minti 30 da mai minti 60. Mai minti 30 kaurinta yakan kai milimita 44, mai minti 60 kuwa milimita 54. Ba a ba ƙofa wannan suna sai an gwada irinta a bakin tanderu, inda zafi ke haura digiri 800 cikin rabin sa'a. Wadda ta ci jarrabawa akan liƙa mata alama a saman ƙyaure ko a gefensa, da sunan maƙeranta da adadin mintinta, a kuma ba da takardar shaida.

Rabin sa'a ba abin rainawa ba ne. Cikinsa ake tada yara da tsofaffi a fitar da su, maƙwabta su taru, a aika wa 'yan kwana-kwana. A ƙauyukan da ke nesa da Gusau, inda motar kashe gobara kan daɗe ba ta iso ba, wannan ɗan lokaci ya fi tsada.

ABIN DA YA FARU A WASU ƘASASHE

Ran 14 ga Yuni, 2017, wuta ta tashi daga firji a wani bene mai hawa 24 da ake kira Grenfell a birnin Landan, mutum 72 suka rasu. Babban abin da ya yaɗa wutar shi ne rufin da aka lulluɓe bangon waje da shi. Amma masu bincike sun tarar ƙofofi da yawa ba su rufe kansu, don abin da ke mayar da su ya lalace ko an cire shi, hayaƙi ya cika hanyoyin fita. Da aka gwada irin ƙofar da aka ce za ta yi minti 30, minti 15 kawai ta yi.

Ran 9 ga Janairu, 2022, a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka, na'urar ɗumama ɗaki ta kama wuta a wani bene mai hawa 19. Mutanen ɗakin suka gudu, ƙofarsu ba ta koma ta rufe ba, hayaƙi ya bi matakala ya cika benen. Mutum 17 suka rasu, 8 daga cikinsu yara ne, yawancinsu kuwa 'yan asalin Gambiya ne. Hayaƙi ne ya kashe su duka. Abin lura a nan shi ne, ƙofa kome kyaunta ba ta da amfani in tana buɗe.

INDA YA KAMATA A SA TA

A Nijeriya an fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa a 2006, cikinsa akwai sharuɗɗan kiyaye gobara da na hanyoyin fita. Mai son ya gina bene ko gidan haya ko ɗakin kwanan ɗalibai, lalle ne ya kai zanen gininsa ga hukumar tsara gari, ya kuma nemi shawarar hukumar kashe gobara tun ba a aza harsashi ba. Wuraren da suka fi bukatar wannan ƙofa su ne:

1. Ƙofar da ke tsakanin matakalar bene da kowane hawa.
2. Ƙofar kowane sashe na gidan haya da ke buɗewa cikin baranda ɗaya da na maƙwabta.
3. Ƙofar madafa, in tana haɗe da ɗakunan kwana.
4. Ƙofar shago ko sito ko ɗakin ajiye mota da ke jikin gida.
5. Ƙofar ɗakin da ke da akwatin wutar lantarki ko baturan hasken rana.

YADDA AKE KAFA TA

Ƙofa mai tare gobara abu ɗaya ce da firam ɗinta da hinjinta da kubarta. Tare aka gwada su, tare kuma ake kafa su. In aka rataya ƙyaure mai kyau a ruɓaɓɓen firam, an yi asarar kuɗi. Ga abin da za a lura da shi:

Na farko, hinji. A sa uku na ƙarfe mai ƙwari, kowane rami da sukurunsa. Kada a yarda kafinta ya buga ƙusa a madadin sukuru.

Na biyu, rata. Tsakanin ƙyaure da firam, sama da gefe biyu, a bar milimita 2 zuwa 4. Hanyar aunawa mai sauƙi ita ce da tsinken ashana. Ɗaya ya kamata ya shiga, amma in biyu a haɗe suka wuce ba su taɓa kome ba, rata ta yi yawa. A ƙasa kuwa, kada ta wuce abin da maƙeran ƙofar suka rubuta, wanda yawanci bai fi milimita 10 ba.

Na uku, zaren kumburi. Wani siririn abu ne da ake binnewa cikin tsaga a kewayen ƙyaure ko firam. In zafi ya kusa digiri 200 sai ya kumbura ya toshe rata. Sau da yawa akan haɗa shi da ɗan gashi ko roba mai tare hayaƙi tun ƙofa ba ta yi zafi ba.

Na huɗu, abin mayar da ƙofa. Wani hannun ƙarfe ne da ake ɗaurawa a sama, wanda ke janyo ƙyaure ya rufe da kansa har harshen kuba ya shiga. In ba shi, abin da ya faru a New York na iya faruwa a ko'ina.

Na biyar, tsakanin firam da bango. A cike shi da siminti ko abin da ba ya cin wuta. Birkila da ya cusa takardar buhun siminti ko soso ya shafe bisansu ya bar wa wuta hanya.

Na shida, kuba. Ƙofar da mutane za su bi su tsira, wajibi ne ta buɗu daga ciki ba tare da neman mabuɗi ba. A wurin da jama'a ke kwana da yawa, ta riƙa buɗewa waje, domin in mutane suka yi cincirindo a bayan ƙofa mai buɗewa ciki, ba mai iya janyo ta.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mutane suna tsammani kowace ƙofar ƙarfe da mai walda ya haɗa tana tare gobara. Ƙarfe ba ya cin wuta, gaskiya ne, amma falle ɗaya yakan yi ja nan da nan, ya kai zafi ɗaya gefen, ya kuma lanƙwashe ya cije a firam har a kasa buɗe shi. Ƙofar ƙarfe ta gaskiya falle biyu gare ta, da abin tare zafi a tsakani, da alamar gwaji a jikinta.

YADDA AKE KIYAYE TA

A Ingila, tun watan Janairu na 2023, doka ta tilasta wa masu kula da benayen da tsawonsu ya wuce mita 11 su duba ƙofofin matakala da baranda kowane wata uku, na sassan masu haya kuwa sau ɗaya a shekara. Wannan misali ne mai kyau. A nan ƙasar katako yakan kumbura da damina ya tsuke da rani, ƙurar hunturu kuma tana shiga hinji, saboda haka ya dace a duba a ƙarshen damina, a sake dubawa a tsakiyar rani. Mai dubawa ya buɗe ƙofa rabi ya sake ta, sa'an nan ya buɗe ta kaɗan ya sake ta. In ba ta rufe kanta ruf duka sau biyun ba, a kira mai gyara a ranar. Ya duba ko sukuru ya kwance, ko zaren kumburi ya ɓare, ko gara ta ci firam.

Abubuwa huɗu ne ba a yi wa wannan ƙofa. Ba a tokare ta da dutse ko turmi don shan iska. Ba a huda ta don a zura waya. Ba a fere ta fiye da yadda maƙeranta suka yarda. Ba a kuma sa mata kwaɗo daga waje alhali akwai mutane a ciki.

GIDAJEN ƘAUYE

Yawancin talakawan Ruwan Bore ba su da halin sayen irin wannan ƙofa, gidajensu kuma ba benaye ba ne. Duk da haka darasin ya shafe su. Bangon ƙasa da rufin soro ba su cin wuta da sauri, rauninsu yana bakin ƙofa, inda ake rataya asabari ko labule. Ƙyauren katako mai kauri da ya zauna daidai ya fi su nesa ba kusa ba, ko da yake ba za a kira shi mai tare gobara ba. A riƙa rufe shi da dare, a fitar da kaskon wuta kafin a kwanta, a ajiye mabuɗi wuri ɗaya da kowa ya sani. Kara da harawa da fetur a nisanta su da zaure da bakin ɗaki. Gidan da aka gitta wa tagoginsa ƙarafa, a sa mai walda ya yi wa taga ɗaya hinji da sakata ta ciki. Ɗakin almajirai kuwa ya zama da ƙofa biyu, kowace a bangonta.

ABIN DA YA WAJABA KAN UBAN ƘASA DA MAGATAKARDA

Tun gyaran 1976, wanda ya kafa ƙananan hukumomi a madadin tsarin En'e, ba da izinin gini da hukunta mai saɓa ƙa'ida aikin hukuma ne. Amma Uban Ƙasa shi ya san kowane gida, maganarsa kuma ita jama'a suka fi ji. Saboda haka ana bukatar:

1. Kafin shigar hunturu ya tara Hakimai da masu unguwa da malaman makarantu da masu gidajen haya, a karanta musu wannan darasi.
2. Ya kira kafintoci da masu walda da magina, a nuna musu sharuɗɗa shida da aka ambata.
3. Magatakarda ya buɗe littafi, ya rubuta kowane bene da gidan haya da makarantar kwana da ke cikin gunduma, da yawan masu kwana a ciki, da yawan ƙofofin fita, da ranar da aka duba, da aibin da aka gani, da ranar da aka gyara.
4. In an gargaɗi mai gida sau biyu bai gyara ba, a rubuta wa ƙaramar hukuma da hukumar kashe gobara, a aika da kwafi fadar Sarki.
5. Kowace gobara da ta auku, ko da ba a yi rashi ba, a rubuta inda ta fara da yadda mutane suka fita.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙofar da za ta ceci rai cikin dare, da rana ake duba ta, kuma Uban Ƙasar da littafinsa ya cika kafin iskar hunturu ta taso ya sauke nauyin da ke kansa.